Rawanin Soro

Karatu: Kubawar Shari'a 22:8, Matta 4:5-7, Romawa 14



Akwai wata 'yar doka cikin Attaurar Musa wadda ba safai akan yi wa'azi a kanta ba. Mun yi shekaru a makarantar Littafi Mai Tsarki, amma ba mu tuna ranar da wani malami ya tsaya a kanta ba. Tana cikin Kubawar Shari'a, sura 22, aya 8. A can Ubangiji ya umurci jama'arsa, idan mutum ya gina sabon gida, lalle ya ja ɗan gini kewaye da kan soron, domin kada wani ya zame ya faɗo, alhakin jininsa ya zauna a kan gidan.

Wannan doka ba ta bukatar dogon bayani a ƙasar Hausa. Duk wanda ya shiga birnin Kano ko Zariya ko Katsina ya ga soraye, ya kuma ga ɗan ginin nan na bakin soro da magina suke kira rawani. A ƙasar Isra'ila kan soro wurin zama ne. Can ake shanya, can ake shan iska da maraice, can baƙo yakan kwana lokacin zafi. To, don wa aka yi rawanin? Mai gida ya san soronsa kamar yunwar cikinsa, ko cikin duhu ba zai taka baki ba. Wanda zai faɗo shi ne baƙon da bai san wurin ba, da yaron da ya fara tafiya jiya, da tsohuwar da idonta ya yi rauni. Mai gida yana iya cewa, ni na dogara ga Allah, ba mai faɗowa sai wanda kwanansa ya ƙare. Gaskiya ne kwanakin kowa suna hannun Allah. Amma Allahn nan da yake riƙe da kwanakin, shi ne da bakinsa ya ce a ja rawani.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan aya shi ne zancen allurar rigakafi, wanda ya raba kan masu bi tun lokacin cutar korona, har yau kuwa bai gama raba su ba.

Shekarar da aka rufe majami'u

Bari mu tuna da abin da ya faru, gama mutum mai saurin mantuwa ne. Cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar ta iso Ikko, watau Legas. Ran 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce annoba ce ta dukan duniya. Ran 30 ga Maris gwamnatin tarayya ta sa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja, jihohi kuma kowace ta sa tata. Ranar Ista ta wannan shekara, 12 ga Afrilu, majami'u da yawa a kulle suke. Ba mu taɓa ganin irin wannan ba. Kowane mai gida ya zama fasto a tsakar gidansa, waɗansu kuwa a ranar suka gane ba su san yadda ake bi da iyali cikin addu'a ba. Ran 17 ga wannan wata Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu da cutar. Cikin makonnin nan kuma masu haƙa kabari a Kano suka yi ta faɗin cewa gawa ta yi musu yawa.

A duniya duka, waɗanda aka rubuta sun mutu da korona sun kai wajen miliyan 7. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa in an haɗa da waɗanda ba a rubuta ba, da waɗanda suka mutu domin asibitoci sun cika, cikin 2020 da 2021 kaɗai an rasa kusan miliyan 15. A Nijeriya waɗanda aka rubuta sun ɗara 3,000 kaɗan. Ko da yake gwajin da aka yi bai da yawa, dole mu ce Allah ya yi mana sauƙi ƙwarai. Sai dai sauƙin nan shi ya sa mutane da yawa suka ce ai cutar masu kuɗi ce, waɗansu suka ce ma babu ita sam.

Akwai ta. A ikilisiyarmu mun binne wani dattijo a farkon 2021, mai ciwon sukari, wanda ya yi shekaru yana riƙe da makullin majami'a. Kwana shida ya yi yana kokawa da numfashi. Iyalinsa suka ce zazzaɓi ne, gama a lokacin sunan korona abin kunya ne a gida, mu kuma ba mu yi musu gardama a bakin kabari ba.

Ran 2 ga Maris 2021 allurar rigakafi ta fara isowa Abuja, kusan miliyan 4, irin ta AstraZeneca. Ran 5 ga wata aka fara yi wa ma'aikatan asibiti, kashegari aka yi wa shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, a gaban jama'a. Nan fa magana ta tashi cikin Ekklesiya. Ba za mu ɓoye ba, daga bakin masu wa'azi aka ji mafi yawanta.

Ashe rashin bangaskiya ne?

Waɗansu suka ce wanda ya miƙa hannu aka yi masa allura ya nuna bai gaskata da alkawarin Zabura 91 ba, inda Allah ya yi wa mai fakewa gare shi alkawarin tsaro daga annoba. Muna ƙaunar wannan Zabura. Mun karanta ta a bakin gadon marasa lafiya ba sau ɗaya ba. Amma ku buɗe Matta sura 4 ku ga wanda ya fara ɗaukar ta ya juya ta. Shaiɗan ne. Ya kai Ubangijinmu can ƙwanƙolin haikali, ya ce masa ya diro, ya kawo masa Zabura 91 shaida cewa mala'iku za su tare shi. Ubangiji bai ce alkawarin ƙarya ne ba. Ya amsa masa daga Kubawar Shari'a, littafin nan da ya ce a ja rawani, cewa an hana mutum ya gwada Allahnsa. Wanda ya ga matakala ya ƙi bi, ya ce sai ya diro domin a ga bangaskiyarsa, shawarar wa ya bi?

Ku duba Sarki Hezekiya. Allah ya riga ya ce ya ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun (2 Sarakuna 20). Ku duba Bulus cikin jirgin ruwa (Ayyukan Manzanni 27). Mala'ika ya riga ya faɗa masa ba ran da zai salwanta, amma da matuƙan jirgin suka so su sulale su gudu, Bulus ya gaya wa jarumin soja in waɗannan suka tafi ba wanda zai tsira. Alkawari yana nan, matuƙa kuma dole su tsaya a bakin aikinsu. Bulus bai ga saɓani tsakanin biyun ba. Akan kawo mana labarin Sarki Asa, wai an zarge shi domin ya je wurin masu magani. Ku karanta da kyau. Laifin Asa shi ne bai nemi Ubangiji ba ko cikin ciwonsa. Wannan gargaɗi ne ga wanda ya sa dukan zuciyarsa ga allura ya manta da Mai ba da rai, kuma akwai irinsu a cikinmu.

A 1527 annoba ta shiga Wittenberg, garin Martin Luther a ƙasar Jamus. Sarkin ƙasar ya ce masa ya fita, ya ƙi, ya zauna, gidansa ya zama kamar asibiti, matarsa kuwa tana da ciki. Ba wanda zai kira wannan mutum matsoraci. Amma cikin wasiƙar da ya rubuta wa wani fasto a kan wannan al'amari ya ce shi zai roƙi Allah tsaro, sa'an nan ya turara gida, ya sha magani, ya ba waɗansu, ya kuma guji shiga inda ba a bukatarsa domin kada ya kwaso cuta ya zama sanadin mutuwar wani. Idan kuwa maƙwabcinsa yana bukatarsa, zai je ba da jinkiri ba. Masu raina magani suna taƙama da bangaskiya, ya ce gwada Allah suke yi.

Alamar dabbar nan

Magana ta biyu ta fi ta fari ciwo. Aka ce allurar ita ce alamar dabbar da ke cikin Ru'ya ta Yohanna sura 13, wai akwai wata 'yar na'ura a ciki, wanda aka yi wa kuwa ya sayar da ransa.

Daga 1 ga Disamba 2021 gwamnatin tarayya ta ce ma'aikatanta su nuna shaidar allura ko ta gwaji kafin su shiga ofis. Wata gwauruwa a cikinmu, mai 'ya'ya huɗu, ta je aka yi mata domin kada ta rasa aikinta. Ran Asabar kafin Jibin Ubangiji ta zo gidanmu da dare tana kuka. Ta ce, "Baba Fasto, gobe in zo teburin ko in zauna a baya? An ce na riga na karɓi alamar." Mace ce da ta yi shekara 20 cikin zumuntar mata. Ta yi mako uku ba ta barci, tana ganin ta hallaka har abada domin ta nemi abincin marayunta. Wanda ya ɗora mata wannan kaya zai ba da lissafi.

Muka buɗe littafin tare da ita. Alamar da Yohanna ya gani a hannun dama take ko a goshi, kuma ba ta rabuwa da yi wa dabbar sujada. Sura 14 ta haɗa su wuri ɗaya, masu sujada ga dabbar su ne masu karɓar alamarta. Watau mutum ne da idonsa biyu ya juya wa Kristi baya ya durƙusa wa wani. Muka tambaye ta, "Malamar asibitin ta ce ki yi musun Yesu kafin ta yi miki?" Ta ce a'a, sunanta kawai ta tambaya da shekarunta. Ceton da aka saya da jinin Ɗan Allah, tsinin allura ba ya tsiyaye shi. Ƙarshen Romawa 8 ya lissafta manyan abubuwa da ba su iya raba mu da ƙaunar Allah ba, har da mutuwa da ikoki, balle ruwan magani da bai cika cokali ba. Kafin wannan ma an ce katin shaidar ɗan ƙasa ne alamar, an ce lambar banki ce. Masu faɗin haka yau duk suna da su cikin aljihu.

Akwai kuma saƙon da ya yi ta yawo cikin wayoyinmu, wai duk wanda aka yi wa allurar zai mutu cikin shekara biyu. Shekara biyun sun wuce, waɗansu sun bi bayansu. Gwauruwar nan tana nan, ta aurar da 'yarta ta fari. Kubawar Shari'a 18 ta ba mu ma'aunin annabi, idan abin da ya faɗa bai auku ba, ba Ubangiji ne ya aiko shi ba. Ba mu ji ko mutum ɗaya ya hau bagadi ya ce, 'yan'uwa, na yi kuskure, ku gafarce ni ba. Mu ma da muka danna muka tura wa waɗansu ba tare da bincike ba, doka ta tara a kan shaidar zur ta shafe mu. Yatsa yana iya yin shaidar zur kamar yadda baki yake yi.

Tsoron da yake da tushe

Amma kada wanda ya yi karatu ya yi wa ɗan'uwansa dariya. Ba dukan masu gudun allura ne jahilai ba. In maciji ya sari mutum, ko tsumma ya gani sai ya gudu, mutanenmu kuwa an sare su.

A 1996 sanƙarau ya yi ɓarna ƙwarai a Arewa. Cikin wannan annoba kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Kano ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan, da yara wajen 200. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne, ba allurar rigakafi ba ce, sai dai uwar da ta binne ɗanta ba za ta zauna rarrabe wannan ba. Ku tuna kuma da Oktoba 2020, sa'ad da jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Bukuru kusa da Jos da waɗansu garuruwa, suka tarar da abincin tallafin korona jibge, bayan an kulle su a gida da yunwa. Talaka yana da tambaya mai nauyi. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe mutum fiye da 100,000 kowace shekara a ƙasar nan, maganinsa sai na saya, to, don me wannan allura ake bi na da ita har gida kyauta? A Disamba 2021 kuma aka lalatar da allura fiye da miliyan 1 a Abuja, domin ƙasashen masu arziki sun riƙe ta sai da ta kusa lalacewa suka aiko. Duk waɗannan gaskiya ne, Ekklesiya kuwa bai kamata ta yi shiru a kansu ba. Annabawa ba su yi wa sarakuna shiru ba.

Sai dai laifin magini ba ya sa a rushe rawani a bar yara suna wasa a bakin soro. Mun riga mun ga abin da ke faruwa in an yi haka. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da waɗansu jihohi, domin an ce yana hana haihuwa. Kafin a komo da shi a Yuli 2004 cutar ta sami hanya, ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Indonesiya. Yaran da suka shanye a shekarun nan yanzu manya ne, muna ganinsu a kan keken guragu a bakin hanya. 'Yan matan da aka ɗiga wa kuwa, ga su nan da goyo. Daga baya Sarkin Musulmi da sarakunan Arewa suka tsaya da ƙarfi a kan aikin, ma'aikata kuma suka biya da ransu, gama a Fabrairu 2013 an harbe masu ɗigo 9 a Kano. Ran 25 ga Agusta 2020 aka shaida cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Ana ci gaba da ɗigon domin akwai wani iri da yakan ɓulla inda yaran da aka yi wa ba su da yawa. A 2003 mu Kirista da yawa mun taɓe baki, muka ce dubi maƙwabtanmu da ƙin ci gaba. Da 2021 ta zo, maganar tasu muka ɗauka, muka sa mata ayoyi.

Ku tambayi tsofaffi labarin agana

Mu da aka haifa wajen 1980 ba mu san agana ba. Lambar da ke damtsenmu ta tarin fuka ce. Amma har yanzu a ƙauyuka akan ga tsoho mai zanzana a fuska, ko makahon da agana ta ci idonsa yana yaro. Ku zauna da su ku ji. Mugun irinta yakan kashe wajen 3 cikin 10 na waɗanda ya kama.

Masu cewa rigakafi dabarar Turawa ce, bari su ji wannan. A 1706 jama'ar wata majami'a a Boston ta Amurka suka sayi wani bawa ɗan Afirka suka ba fastonsu, Cotton Mather. Abin kunya ne, amma haka aka yi. Fasto ya sa masa suna Onisimus. Bawan nan ne ya gaya wa ubangidansa cewa a ƙasarsu akan ɗebi ɗan ruwan ƙurjin mai agana a sa cikin ɗan tsagi a fatar mai lafiya, ya yi ciwo kaɗan, ba ya ƙara kamuwa. Da agana ta shiga Boston a 1721, Mather ya lallashi wani likita, Zabdiel Boylston, ya gwada. Mutanen gari suka tashi, waɗansu suka ce shiga hurumin Allah ne, har aka jefa bom ta tagar gidan faston, Allah ya sa bai fashe ba. Da annoba ta wuce aka yi lissafi. Cikin kusan 6,000 da suka kamu, 844 suka mutu, watau wajen ɗaya cikin bakwai. Cikin mutum sama da 240 da likitan ya yi wa tsagin, 6 ne suka mutu. A 1796 Edward Jenner, ɗan wani fasto a Ingila, ya samo hanyar da ta fi wannan lafiya, da ƙurjin da ke fita a hantsar shanu.

Ƙarshen agana ma ta ƙasarmu ya bi. A Disamba 1966 cutar ta ɓulla a yankin Ogoja, allura kuwa ba ta isa kowa ba. Wani likitan mishan na Ekklesiyar Lutheran, William Foege, ya kira 'yan mishan na yankin ta rediyonsu, ya roƙa su aika 'yan saƙo ƙauye ƙauye su gano inda masu ciwon suke. Da 'yar allurar da ke hannu aka yi wa iyalan masu ciwon, da mutanen da suke cuɗanya da su, da wuraren da suke cin kasuwa. Cutar ta rasa wanda za ta kama, ta mutu. Wannan dabara aka ɗauka aka yi aiki da ita har Indiya. A 1970 agana ta ƙare a Nijeriya. Mutum na ƙarshe da ya kwashe ta a gari shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin Merca ta Somaliya, a 1977. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa ya zille wa lamba ne don tsoron zafin allura. Ya warke, ya ba da sauran ransa ga aikin rigakafin shan inna har ya rasu a 2013. A 1980 aka shaida cewa agana ta ƙare a duniya. Kakanninmu sun yi addu'a Allah ya raba su da ita. Ya ji, ga kuma hanyar da ya bi ya amsa.

Kada mu ƙara gishiri

Mai bi ba ya ƙarya ko domin abu mai kyau. Allurar rigakafi tana nuna wa jiki kamannin ƙwayar cutar ne tun ba ta zo ba, kamar a nuna wa mai gadi hoton ɓarawo, domin garkuwar jiki ta gane ta da wuri. Ta korona ba ta hana kamuwa ɗungum ba. Mutane da yawa an yi musu, sun kuma kamu. Abin da ta yi shi ne ta rage ciwo mai tsanani da mutuwa, musamman ga tsofaffi da masu ciwon sukari ko hawan jini. Takan sa ciwon hannu da zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Irin ta AstraZeneca an gano takan sa daskarewar jini ga mutum ƙalilan ƙwarai, likitoci ne kuwa suka gano suka sanar, ba masu tura saƙo a waya ba. Saurin da aka yi wajen haɗa ta ya tsorata mutane, amma masana sun yi shekaru suna binciken dangin wannan ƙwaya tun ɓullar 'yar'uwarta a 2002, kuma an gwada allurar a kan dubban mutane da suka yarda kafin a fito da ita. Ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa na duniya. Ƙwayar ba ta tafi ba, mun koyi zama da ita ne.

To, me ya sa muke ta da maganar yanzu? Domin tsoron da muka shuka saboda allura ɗaya ya tsiro a kan sauran. Akwai iyaye mata a cikinmu da suka kai 'ya'yansu na fari awo ba fashi, amma na baya ba su da ko kati. A 2023 an ƙiyasta yara sama da miliyan 2 a Nijeriya ba a taɓa yi musu allurar yara ko ɗaya ba, ba ƙasar da ta kai mu. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo, cutar da likitoci matasa suka sani a littafi kawai, ya komo ya kashe fiye da mutum 1,000, mafi yawa a Kano, mafi yawansu kuma yaran da ba a cika musu allura ba.

Ƙyanda kuwa ba ta da wasa. Idan mai ita ya shiga ɗaki, cikin mutum 10 marasa rigakafi wajen 9 za su kamu. Ba a yi wa jariri allurarta sai ya kai wata 9. Kafin nan ba shi da abin tsaro sai ɗan abin da ya samu daga jikin uwarsa, da kuma yaran da suke kewaye da shi. Ku dubi bencin mata ran Lahadi, ku ƙirga goyon da ke wurin. Ɗanka mai shekara biyar, mai ƙarfi, watakila ya yi ƙyanda ya tashi. Jaririyar da ke bayan matar da ta zauna kusa da matarka fa? Ita ce baƙon da bai san bakin soro ba.

Allurar yara kyauta ce a asibitocin gwamnati: ranar haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9, da wata 15. Uwa tana da iko ta tambayi ma'aikaciya sunan allurar da amfaninta, da abin da za ta yi in zazzaɓi ya zo. Ma'aikatan lafiya da ke cikin Ekklesiya, ku amsa da haƙuri, gama tsawa ɗaya a ɗakin awo takan kori mace har abada. Ku maza, kada ku ce wannan sha'anin mata ne. Sau da yawa uwa tana so, mai gida ne ya hana, ko ya ƙi ba da kuɗin mota. Dokar rawani ga mai gida aka ba da ita.

Ba mu ce a mai da allura sharaɗin baftisma ko na Jibin Ubangiji ba. Wanda ya yi haka ya ƙara a kan bishara, kuskurensa ɗaya ne da na mai cewa alamar dabba ce. Romawa 14 ta hana mai ci ya raina marar ci, ta kuma hana marar ci ya hukunta mai ci, ko da yake surar nan ba ta ba kowa izinin sa ɗan'uwansa cikin hatsari ba. Muna da dattawa biyu a majalisar ikilisiyarmu, abokai tun suna makarantar Lahadi. A 2021 ɗaya ya kira ɗaya marar bangaskiya, shi kuma ya kira shi jahili a gaban mutane. Tun daga nan gaisuwarsu ba ta wuce ta baki. Dukansu biyu sun yi zunubi, mun kuwa faɗa musu. A zaman majalisa na watan jiya muka roƙe su su biyu su riƙe littafin sunayen jariran ikilisiya, su riƙa zagawa gida gida tare da shugabar zumuntar mata suna duba katin awo. Wanda aka yi wa allurar ya yarda nan take, har da ɗan murmushin da bai kamata ba, sai da muka harare shi. Ɗayan ya daɗe yana duban ƙasa, sa'an nan ya ce a ba shi lokaci ya yi addu'a a kai. Mun ba shi. Jikarsa ta fari za ta cika wata 9 a watan gobe.